Tambaya da Amsa: Me ke hana masu tsaron radiyeshin daɗewa a bakin aiki?

Wasiƙun da suka taru a wannan karo sun karkata wuri guda: ma'aikatan da ke kare mutane daga radiyeshin (hasken da ido ba ya gani, mai cutar da jiki idan ya yi yawa), da dalilin da ya sa suke tafiya bayan an horar da su. Babu tashar nukiliya a Kamaru ko a Chadi. A duk Afirka ma guda ɗaya ce ke ba da wuta, wato Koeberg ta Afirka ta Kudu mai tukwane biyu (na'urorin da makamashin nukiliya ke samar da zafi a cikinsu), waɗanda suka fara aiki a 1984 da 1985, sai kuma El Dabaa da Masar ke ginawa tun 2022. Amma na'urori masu fitar da radiyeshin suna nan a ɗakunan hoto na asibitocinmu da filayen mai, kuma ciwon iri ɗaya ne da na manyan tashoshi.

Daga wani malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a Garwa: Na ji tashoshin nukiliya suna kukan ma'aikatan kariya ba sa zama. Shin aikin ba riƙe na'ura ba ne a auna a rubuta? Me zai sa tafiyar mutum ɗaya ta zama abin damuwa?

Malam, na'ura tana faɗin adadin da ke wurin da ka ɗora ta. Sanin wurin da ya kamata a ɗora ta shi ne sana'ar, kuma shi ne ke cin shekaru.

Ga yadda abin yake. Ruwan da ke sanyaya tukunyar nukiliya yana zaizayar ƙarfen bututu da na bawul kaɗan-kaɗan. Tsatsar nan ta bi ruwa ta ratsa tsakiyar tukunya, niyutiron (ƙananan ƙwayoyin da makamashin ke fitarwa) su buge ta, kobal ɗin da ke cikinta ya koma kobal-60, nikel kuma ya koma kobal-58, dukansu masu fitar da radiyeshin. Daga nan ruwa ya kwashe ta ya jibge a gwiwar bututu, a gindin bawul, a matatai da magudanai. Ƙarfin kobal-58 yana raguwa da rabi cikin kwana 71, na kobal-60 kuwa sai bayan shekara biyar da 'yan watanni. Su biyun nan su ne tushen mafi yawan radiyeshin da ma'aikata ke ɗauka idan an tsayar da tukunya don sauya makamashi da babban gyara. Kuma dattin ba ya zama wuri ɗaya. Duk lokacin da aka kashe tukunya aka sauya sinadaran ruwan, wani ya ɓamɓare daga nan ya je ya maƙale a can.

A ɗauki misali. Sabon ma'aikaci ya shiga ɗaki ya ɗaga na'ura daidai ƙirjinsa, ta nuna milisibat 0.02 a awa (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshin da jiki ke ɗauka), ya rubuta cewa ɗakin lafiya lau. Amma a ƙasa, daidai gwiwa, akwai lanƙwasar bututu mai ba da milisibat 4 a awa, kuma a nan ne mai walda zai durƙusa na rabin awa. Ya ɗauki milisibat 2 ke nan, kashi ɗaya cikin goma na iyakar milisibat 20 da aka sa wa ma'aikaci a shekara, a aikin da takarda ta ce ba komai. Tsohon hannu ya san lanƙwasar nan, ya san bara ma ta yi zafi, don haka tun kafin mai walda ya iso ya sa an rufa mata bargon dalma, ko an wanke bututun da ruwa, ko an sauya wa mai aikin wurin durƙuso. Taswirar ɗaki tana nuna abin da aka auna jiya; abin da zai faru gobe idan an buɗe bawul yana cikin kan wanda ya ga an buɗe shi sau uku.

Shi ya sa a tashoshi da yawa na Amurka ba a kiran mutum babban ma'aikacin kariya sai ya yi shekara uku a aikin, jarrabawar rajistar ƙasa ta wannan sana'a kuma tana neman shekara biyar. Tunda babban gyara yana zuwa ne sau ɗaya a wata 12 zuwa 24, wanda ya yi shekara uku bai wuce ya ga biyu ko uku ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai abu na biyu da ba a cika lissafa shi ba. Ma'aikacin kariya yana da ikon tsayar da aiki nan take idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba. A lokacin babban gyara kowace rana da tukunya ta ƙara a kashe asarar kuɗi ce mai yawa, kowa idonsa na kan agogo. Yaron da ya zo wata shida da suka wuce zai iya kallon shugaban 'yan gyara mai furfura ya ce masa a dakata? A takarda yana da ikon. A aikace sai wanda aka sani, aka gwada hukuncinsa aka ga ya yi daidai, ake saurara wa ba gardama.

Daga wani jami'in kula da ma'aikata a wani kamfanin duba walda da ke aiki a yankin Doba: Muna ɗaukar hoton walda da iridiyam, wani ƙarfe mai fitar da radiyeshin. Mun ƙara albashi, amma masu kula da kariya suna ci gaba da tafiya. Yaya manyan tashoshi suke magance wannan, kuma me za mu ɗauka daga gare su?

Yallaɓai, ƙarin albashi yana jinkirta tafiya, ba kasafai yake hana ta ba, domin wanda ke neman mutuminka ya fi ka kuɗi. Lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kunna tukwane huɗu na Barakah tsakanin 2020 da 2024, daga ƙasashe daban-daban ta ɗebo ƙwararru. Kamfanin da ke Doba ba zai yi tseren albashi da irin waɗannan ba. Sai dai a duba sauran abubuwan da ke korar mutane, waɗanda yawancinsu ba kuɗi suke ci ba.

Na farko gajiya. A babban gyara ana yin aikin awa 12 a rana, makonni a jere, dare da rana. Dokar Amurka ta kai ga ƙayyade wa ma'aikatan da tsaron tasha ya rataya a wuyansu awa 16 cikin 24, awa 26 cikin 48, awa 72 cikin kwana bakwai, da hutun awa 10 tsakanin aiki da aiki. Idan mutum ɗaya ya tafi, waɗanda suka rage su ke ɗaukar darensa, su gaji, na biyu ya bi shi. Ƙungiya ƙarama ta fi saurin rushewa ta wannan hanya. A naku aikin ma hoton walda da dare aka fi yi, lokacin da sauran ma'aikata sun watse. Ku buɗe littafin aiki ku ƙirga dare nawa kowanne ya yi cikin wata uku da suka wuce. Sau da yawa sunan wanda zai tafi nan gaba yana saman jerin.

Na biyu rashin tsani. Injiniya yana ganin matakai biyar a gabansa, ma'aikacin kariya kuwa daga ƙarami sai babba, shi ke nan, sai dai ya jira shugabansa ya yi ritaya. Tashoshin da suka iya riƙe mutanensu sun buɗe rassa: mai tsara aiki don rage adadin da ake ɗauka, mai kula da na'urori da daidaita su, mai kula da dosimita ('yar na'urar da ma'aikaci ke maƙalawa a jiki, tana tara adadin da ya ɗauka) da rajista, mai jigilar kayan radiyeshin, mai koyarwa. Kowanne da takardarsa da ƙarin matsayinsa.

Na uku shi ne mafi ɗaci, kuma mu a ganinmu shi ya fi korar nagartattu. Mutum ya tsayar da aiki bisa hujja, shugaban fili ya buga waya sama, a ce a ci gaba. Sau biyu aka yi masa haka ya gane matsayinsa na ado ne. Mai zuciya zai tafi, marar zuciya zai zauna ya dinga sa hannu. Maganinsa shi ne jami'in kariya ya kasance ƙarƙashin shugaban kamfani kai tsaye, ba ƙarƙashin wanda ake biyansa ladan gama aiki da wuri ba, kuma duk wanda zai soke umarninsa ya yi hakan a rubuce da sunansa.

Sai batun 'yan kwangila. Tashoshi suna cika fili da ma'aikatan haya a lokacin gyara, su bi tasha-tasha da jakunkunansu. Faransa ta hana a tura ma'aikacin wucin gadi wurin da zai iya ɗaukar sama da milisibat 2 a awa guda, don kada a mayar da mai gajeren kwantiragi abin zuba wa aiki mafi zafi. Dokar can ce, amma ba abin da ya hana kamfani a nan ya sa wa kansa irinta.

Game da lissafi: an saba raba adadin waɗanda suka tafi a shekara da matsakaicin adadin ma'aikata, a ninka da ɗari. Mutum 3 cikin 20 kashi 15 ke nan. Wannan adadi yana ruɗi, domin tafiyar sababbi uku da tafiyar tsofaffi uku duk 15 za su ba ka. Akwai hanyar da hukumar wutar lantarki ta kwarin Tennessee a Amurka ta ƙirƙiro, Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya kuma ta yaɗa ta. Kowane ma'aikaci a ba shi maki biyu daga 1 zuwa 5. Na farko kusancin tafiyarsa: 5 ga wanda zai tafi cikin shekara biyu, 1 ga wanda da sauransa nesa. Na biyu wahalar maye gurbinsa: 5 ga wanda shi kaɗai ya san abin kuma ba a rubuce yake ba, 1 ga aikin da kowa zai iya. A ninka su. Duk wanda ya samu 20 zuwa 25, a wannan watan za a haɗa shi da mataimaki, a zauna da shi a rubuta abin da ya sani, a ɗauki hoton yadda yake yi. Takarda da biro kawai wannan ke buƙata.

Kada a raina haɗarin naku aikin don ba tasha ba ce. Ƙwayar iridiyam-192 mai ƙarfin terabekerel 3.7 (ma'aunin ƙarfin ƙwaya ke nan), idan tana waje ba kariya, tana ba da kusan rabin sibat (milisibat 500) a awa daga nisan mita ɗaya, wato iyakar shekara guda cikin kimanin minti uku. Haɗarin da aka fi gani shi ne ƙwayar ta ɓalle daga wayar da ke tura ta, ko ta maƙale a cikin tiyo, ma'aikaci ya juya hannun na'ura ya ɗauka ta koma gidanta. Abin da ke kama wannan kuskure ɗaya ne: bayan kowane hoto a zagaya akwatin da tiyon da na'urar aunawa a kunne. Sababbin hannu da gajiyayyu su ne ke tsallake wannan mataki. A 1999 a Yanango ta ƙasar Peru wani mai walda ya tsinci irin wannan ƙwaya ya sa a aljihun wando, ƙarshe aka yanke masa ƙafa. A 2000 a Meet Halfa ta Masar wani manomi ya kai irinta gida, shi da ɗansa suka rasu.

Daga wata uwa a Kusiri: An zaɓi ɗana ya je horo kan wannan aiki. Maƙwabta suna cewa masu yinsa suna gudu ne saboda yana hana haihuwa. Gaskiya ne?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Iyakar da ƙa'idar duniya ta sa wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara idan an yi matsakaicin shekara biyar, kuma kada ya wuce 50 a shekara guda. Yawancin ma'aikatan tashoshi a yau ba sa kaiwa 2. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa ganin na'ura ba, yana ɗaukar kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama. Kafin haihuwar namiji ta tsaya ko na ɗan lokaci, sai ya ɗauki abin da ya kai 100 zuwa 150 a lokaci guda. Ta dindindin kuwa sai dubbai. Irin wannan sai a mummunan haɗari. Abin da masana ke lura da shi shi ne ƙaramin ƙarin yiwuwar ciwon daji idan adadin ya taru tsawon shekaru, shi ya sa ake rage shi iyakar iyawa ko da ba a kusanci iyaka ba. Mace mai wannan aiki, da zarar ta sanar tana da ciki, dole a sauya mata tsari yadda abin da ke cikin ba zai ɗauki sama da milisibat 1 ba. Masu barin aikin, gajiya da neman gaba ne suka fi fitar da su.

Daga wata shugabar ɗakin hoto a wani asibiti a yankin Arewa Mai Nisa: Wanda ke kula mana da kariya an yi masa canjin wurin aiki, saura wata ɗaya ya tafi, kuma shi kaɗai ya san kan abin. Me zan karɓa daga hannunsa?

Malama, wata ɗaya zai isa idan aka fara yau. A makon farko a naɗa magaji da takarda mai sa hannun shugaban asibiti, ko da na riƙon ƙwarya ne, a kuma sanar da hukumar da ke ba da lasisi. A Kamaru ita ce hukumar da aka kafa a 2002 da sunan ANRP; a Chadi ATRSN. Lasisi yana tafiya ne da sunan jami'in kariya, don haka idan ya tafi ba a sanar ba, takardunku sun daina faɗin gaskiya.

Sannan su biyun su zagaya da ƙafa, ba a ofis ba. Kowace na'ura a rubuta sunan kamfaninta, lambarta, ɗakin da take, ranar da aka yi mata gwajin inganci na ƙarshe da wanda ya yi. A buɗe sito. Tsohuwar na'urar hoto da aka cire daga lantarki ba ta fitar da komai, amma duk akwatin da ke ɗauke da alamar radiyeshin mai fuka-fuki uku, mai nauyi fiye da girmansa, yana iya ƙunsar ƙwaya mai rai: kada a buɗe, a kulle ɗakin, a kira hukuma. Abin da ya faru a Goiânia ta Brazil a 1987 ya samo asali ne daga asibitin da ya tashi ya bar na'urar gashin daji mai siziyam-137 a kango. Masu jari-bola suka fasa ta, mutum huɗu suka mutu, aka auna sama da mutum dubu ɗari. Siziyam-137 sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, ya fi zaman kowane ma'aikaci a kujerarsa.

Sai dosimita, inda aka fi samun ɓaraka bayan canjin hannu. Magaji ya san wa ake aika wa, yaushe, wata-wata ko bayan wata uku, da wace mota, kuma wa ke biya. Kowace da sunan mai ita, ba a aro. A cikin kowane ƙunshi akwai guda ɗaya ta shaida da ba a sawa: ana ajiye ta inda ake rataye sauran, nesa da ɗakin hoto, don a cire abin da aka ɗauka a hanya da na yanayi. Sabon jami'i yakan ga ta yi saura ya miƙa wa sabon ma'aikaci, lissafin watan gaba ɗaya ya lalace. Zafin bazara na yankinku ma abokin gaba ne: dosimitar da aka bari a mota ko a taga tana iya ba da adadin da ba daidai ba. A sa matakin bincike, wurare da yawa suna amfani da milisibat 0.5 a wata ga ma'aikacin ɗakin hoto. Wanda ya wuce shi a zauna da shi a gano dalili. Sau da yawa za a tarar ya manta rigarsa ce a ɗakin da dosimita a jiki, ko kuma shi ake sawa kullum ya riƙe yara lokacin hoto, wanda aikin ɗan rakiya ne sanye da rigar dalma.

Rigunan dalma a ƙirga su, a duba kaurin da aka rubuta a wuyansu, 0.25 ko 0.35 ko 0.5 na milimita, a ɗauki hotonsu sau ɗaya a shekara don ganin tsaga. A rataye su. Ninkewa ce ke karya dalmar ciki ba tare da an gani daga waje ba. A gwada fitilar gargaɗi ta bakin ƙofa, a duba ko ƙofar tana rufuwa ruf. A mako na ƙarshe magaji ya yi aikin shi kaɗai, mai tafiya yana kallo bai ce uffan ba sai an gama. Daga yanzu kuma kada asibitin ya sake zama da mutum ɗaya tal mai wannan horo.

Daga wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Ngaundare: Idan masu aikin suna tafiya, ashe akwai gurbi. Ta ina zan shiga?

Akwai, ƙanena, amma ba ta ƙofar tasha za ka fara ba. Kammala digirinka, ka nemi horon aiki a hukumar kariya ta ƙasa, ko ɗakin hoto, ko kamfanin duba walda. Aikin duba walda yana nan, domin bututun mai daga Doba zuwa Kribi kaɗai ya kai kilomita 1,070. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda Kamaru ta shiga a 1964, Chadi kuma a 2005, tana shirya kwas na kimanin wata biyar kan kariya daga radiyeshin ga masu digiri, da Faransanci a Maroko da Aljeriya, da Turanci a Ghana. Ƙasa ce ke gabatar da sunan mutum, don haka sai kana cikin wata ma'aikata za a tura ka. Kusa da mu akwai ƙaramar tukunyar bincike a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tana aiki tun 2004. Ka riƙe Turanci da Faransanci duka biyu, domin littattafan na'urori da yawa da Turanci suke zuwa.

Kafin ka karɓi aiki ka yi tambaya uku: wa zan kai wa rahoto, mutum nawa ne suka riƙe kujerar nan cikin shekara biyar, kuma yaushe aka daidaita na'urar aunawa (ya kamata a ce cikin wata 12 da suka wuce, da takarda). Tun daga watan farko ka buɗe fayil naka na kanka, kana ajiye kwafin sakamakon dosimitarka da na takardun horo. Faransa tana da rajistar ƙasa da ke bin ma'aikaci duk inda ya koma. Kai kada ka dogara wani zai adana maka. Duk ranar da za ka bar wani wuri, ka karɓi jimillar adadinka a rubuce da hatimi kafin ka miƙa makulli, domin sabon wurin zai nema kafin ya ba ka izinin shiga yankin da ake sa ido.